Hannu Ne Ke Kashe Katin Hoto, Sai a Ɗora wa Wuta Laifi

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a rumfunan gyaran kwamfuta, daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, har Garwa da Kumasi, duk inda Bahaushe ya kafa tebur ya ajiye sukudireba. Da zarar an ce wa mai gyara ya yi hattara da yadda yake riƙe katin hoto, sai ya yi murmushi ya ce shi fa shekara goma ke nan yana sa wa mutane kati da hannun nan nasa, bai taɓa ganin wanda ya mutu ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma takan rufe bakin mai kaya nan take, domin wa zai ja da shekara goma? Sai dai magana ce marar tushe, wadda ta ci dukiyar mutane da dama ba tare da an taɓa tuhumar ta ba.

Katin hoto shi ne allon da ake ƙara wa kwamfutar tebur domin ya ɗauke mata nauyin sarrafa abin da ido ke gani a fuskarta. Ɗalibin Hausa zai iya ɗauka cewa wannan harkar masu wasan bidiyo ce kawai, amma mai tace fim, da mai sa fassara a ƙasan hoto, da mai zanen gini, da masu binciken da ke koya wa na'ura jin maganar Hausa, duk da shi suke aiki. Sau da yawa shi ne abu mafi tsada a cikin kwamfutar baki ɗaya. Lokacin da kamfanin Nvidia ya fitar da katin RTX 4090 a watan Oktoban 2022, dala 1,599 aka sa masa, kuma a cikin ƙwaƙwalwarsa akwai ƙananan makunnan da ake kira tiransista kimanin biliyan 76. Yawancin katunan da ke yawo a kasuwannin wannan yanki ba su kai wannan ba, ko kusa. Duk da haka kuɗinsu albashin watanni ne ga mai sayen, kuma takardar lamunin da kamfani ke bayarwa ba ta cika yi wa wanda kayansa suka ratso ƙasashe uku kafin su iso hannunsa amfani ba. Idan katin ya mutu, ya mutu ke nan.

Tushen kuskuren yana cikin kalmar “wuta”. Hausa ta ari wannan kalma ta ba lantarki, kuma aro ne mai kyau: an kawo wuta, an ɗauke wuta, wuta ta ja shi. Amma kalmar ta zo da nata tunanin. Wuta a wurin Bahaushe aba ce da take zuwa daga waje, ta waya ko ta janareta, ana kunna ta ana kashe ta. Don haka idan mai gyara ya ce ya kashe wuta, a ransa ya gama da duk wani haɗari. Bai sa lissafin wutar da ke jikinsa ba, wadda ba kamfanin lantarki ya kawo ta ba, babu kuma makunnin da zai kashe ta.

Kowa ya san wannan wuta, ko da bai ba ta suna ba. Ita ce ke ƙara “tsat-tsat” idan mutum ya cire rigar sanyi da dare, har a ga tartsatsi cikin duhu. Ita ce ke ɗan jan yatsa idan an taɓa ƙofar mota bayan an sauko. Gogayya ce ke tara ta a jiki: tafiya a kan kafet ko ledar ɗaki, tashi daga kujerar roba, shafar tufafin nailan. Tsoffin Girkawa sun lura da ita tun kafin zamanin injuna, da suka ga danƙon itace busasshe da suke kira elektron yana jan ƙananan abubuwa idan an goga shi, kuma daga sunan nan ne kalmar da ta zama “lantarki” a bakin Bahaushe ta samo asali. Ke nan wutar jiki ta girmi wutar waya a sanin ɗan Adam.

Mutum ba ya jin fitar wannan wuta daga jikinsa sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali wasu sassan kayan lantarki suna iya lalacewa da abin da bai kai bolt 100 ba. Tsakanin 100 da 3,000 akwai fili mai faɗin gaske wanda a cikinsa ake yin ɓarna babu ƙara, babu tartsatsi, babu ko ɗan jan yatsa. Mai cewa bai taɓa jin komai ba gaskiya ya faɗa. Jikinsa ne bai isa ya ji ba.

Jadawalin da masana wannan fanni suka daɗe suna aiki da shi ya nuna yadda laimar iska ke canza lissafin. Tafiya a kan kafet inda laima ta kai kashi 65 zuwa 90 cikin 100 tana tara wajen bolt 1,500. Wannan tafiyar dai, idan laima ta sauka zuwa kashi 10 zuwa 25, tana iya tara bolt 35,000. Ɗaukar jakar leda daga kan tebur a busasshiyar iska na iya kaiwa bolt 20,000. To, wace ƙasa ce ke shafe wata huɗu cur cikin irin wannan bushewa? Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ke busowa daga Sahara, leɓe na tsagewa, katako na bushewa har ya yi ƙara, laima a biranen Sahel takan faɗi ƙasa da kashi 20. Saurayin da ya koyi haɗa kwamfuta daga bidiyon wani mutum da ke zaune a Ingila ko Singafo, inda iska ke jiƙe kusan duk shekara, ya ga mutumin yana juya kati da hannu yadda ya ga dama, sai ya kwaikwaye shi a Damagaram cikin watan Janairu, kan kujerar roba, sanye da rigar ƙwallo ta nailan. Hannu iri ɗaya ne, iskar ce ta bambanta.

Babbar hujjar da ke rushe maganar shekara goma ita ce ɓarnar wutar jiki iri biyu ce. Akwai wadda take kashe kati nan take, a sa shi ya ƙi tashi, kuma wannan ita ce mai sauƙi domin an san inda aka yi asara. Akwai kuma ɓoyayyiya, wadda take raunana wani ɗan siririn layi a cikin ƙwaƙwalwar katin ta bar shi yana aiki. Mai kaya ya biya, ya yi godiya, ya tafi. Bayan wata uku ko shida sai hoto ya fara zane-zane, ko kwamfuta ta riƙa daskarewa a tsakiyar aiki, ko fuska ta yi baƙi ta dawo. A lokacin babu wanda zai tuna da ranar da aka sa katin. Za a ce wutar gari ce mai hawa da sauka, ko zafi ne, ko dai kayan ne jabu. Dukansu uzurori ne masu ƙarfi domin kowannensu yakan faru da gaske, shi ya sa suka zama mafaka mai kyau ga hannun da ya yi laifin. Mai gyara bai ga katin da ya mutu a hannunsa ba saboda katunan a ɗakunan masu su suke mutuwa, wani lokaci ma shi ake komawa a biya kuɗin duba su.

A nan ya kamata a ba masu ja da wannan batu haƙƙinsu. Gaskiya ne katunan zamanin nan sun fi na da juriya. Ana sa musu kariya a mashigansu, yawancin jikinsu kuma a rufe yake da ƙarfe da roba, ta yadda yatsa ba ya kaiwa ga sassa masu rauni sai an nema. Gaskiya ne kuma mutum zai iya riƙe kati ba bisa ƙa'ida ba sau ɗari bai yi masa komai ba. Amma me ake nema a wurin mai gyara da har yake ganin an matsa masa? Ya taɓa ƙarfen gidan kwamfutar, inda babu fenti, kafin ya taɓa katin, ya kuma maimaita hakan duk lokacin da ya tashi ya dawo. Daƙiƙa biyu ce. Idan yana da madaurin wuyan hannu na musamman, mai waya da ɗan maƙalli, ya ɗaura ya maƙala shi a jikin ƙarfen; kuɗinsa bai kai na cin rana biyu ba, kuma a cikinsa akwai abin da ke rage gudun wuta domin kare mai ɗaurawa. Manufar ita ce jikin mutum da jikin na'ura su daidaita, kada wani ya fi wani caji, don haka dabarar tana aiki ko a gidan da ba a haɗa wayar ƙasa ba, kamar yadda yawancin gidaje suke. Wanda ya ƙi kashe daƙiƙa biyu a kan kayan da ba nasa ba, yana caca ne da dukiyar wani, kuma ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Shi ma kashe wutar da ake taƙama da shi, ba a cika yin sa daidai ba. Tun bayan da Intel ta fito da tsarin ATX a 1995, kwamfutar tebur ba ta mutuwa gaba ɗaya idan an rufe ta daga fuska. Muddin wayarta tana jone, akwai bolt 5 da ke zaune a uwar allo, wato babban allon da komai ke hawa kansa, yana jiran a danna makunni. Don haka sai an kashe makunnin da ke bayan na'urar rarraba wuta, wadda masu gyara ke kira fawa, an zare waya daga bango, sannan a danne makunnin gaba na ƴan daƙiƙu domin ragowar cajin ya zube. Ita kuwa fawar kanta ba a buɗe cikinta ko da wasa. Akwai ma'ajiyar caji a ciki da ke iya riƙe wuta mai kisa bayan an zare waya, kuma wannan batun rai ne, ya wuce batun kati.

Riƙon katin ma yana da ladabi. Ta gefe ake ɗaukar sa, ko ta ƙarfen bayansa, ba a taɓa haƙoran zinaren da ke ƙasansa. Haƙoran nan guda 164 ne a katin da ke shiga dogon gurbin PCI Express, gaba da baya, kuma ta cikinsu duk bayanai ke bi. Gumi da maiƙon yatsa suna barin gishiri a kansu. Abin takaici, su ne wurin da mai saye ya fi so ya shafa a kasuwa don ya tabbatar kayan na gaske ne, kamar mai taya goro. Jakar nan mai ƙyalli da katin ke zuwa a cikinta kuwa, cikinta ne ke karewa. Shimfiɗa ta a tebur a ɗora kati a kanta kamar faranti ba ya ba da wannan kariya. Idan za a ajiye, a mayar da shi ciki. Mai shagon da ke miƙa wa mutum kati a cikin baƙar ledar kasuwa, irin wadda ake sayar da tumatir a ciki, ya riga ya nuna iyakar saninsa, kuma ya kamata a tambaye shi katuna nawa suka kwana a irin ledar nan a shagonsa.

Bayan wutar jiki sai ƙarfin tuwo, wanda shi ɓarnarsa a bayyane take amma an mayar da shi gwaninta. Gurbin kati yana da ƴar sakata a ƙarshensa. Ana cire marufan ƙarfe na bayan gidan kwamfutar, a daidaita haƙoran katin da gurbin na sama, wanda ya fi kusa da ƙwaƙwalwar kwamfuta, a danna shi a miƙe da nauyi daidai a ɓangarorin biyu har a ji sakatar ta kama, sannan a ɗaure shi da sukuru. Idan ya ƙi shiga, akwai dalili: ko waya ta tare, ko harshen ƙarfen baya ya hau inda bai kamata ba, ko katin ya fi gidan tsawo, abin da ya kamata a auna tun kafin a saya. Ƙarin ƙarfi ba ya warware ko ɗaya daga cikinsu. Wurin cirewa ne ma aka fi yin ta'adi. Manyan katuna suna rufe sakatar, yatsa ba ya kaiwa, sai mai gaggawa ya finciko katin da sakatar a kulle, ya taho da gurbin daga jikin uwar allo. Wani kuma ya zura sukudireba don ya danna ta, ta zame ta karce layukan allon. Abin roba ko tsinken katako ya wadatar, tare da haƙuri.

Sai batun wayoyi, inda tarihi na kusa ya ba da darasin da ya isa ya rufe bakin kowane mai raina ƙananan abubuwa. Gurbin kati wat 75 kawai yake iya bayarwa. Abin da ya haura haka daga fawa yake zuwa kai tsaye: waya mai baki 6 tana ɗaukar wat 75, mai baki 8 tana ɗaukar wat 150. Da katuna suka ƙara ci, aka fito da sabuwar mai baki 16 wadda aka tsara ta ɗauki har wat 600. Makonni kaɗan bayan fitowar RTX 4090, sai hotunan bakin waya da ya narke suka cika intanet. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Nvidia ya ce ya san da kusan guda 50 a duniya, kuma bincikensa ya nuna abin da suka yi tarayya a kai shi ne ba a cusa wayar ta shige har ƙarshe ba. Ɗan gibi ne da ido ba ya kula da shi. Inda ƙarfe bai kama ƙarfe sosai ba, wuta mai yawa takan matse ta bi ta ƙaramin wuri, wurin ya yi zafi, roba ta narke. An yi ta muhawara kan ko laifin mai sawa ne ko na wanda ya tsara bakin, kuma a 2023 an sake fasalinsa ta yadda katin ba zai ja cikakkiyar wuta ba idan wayar ba ta zauna ba. Ko ma wa ya fi laifi, katin da ya kai dala 1,599 ya ƙone ne a kan tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. A cusa waya har a ji ta kama, a duba da ido babu gibi, kada kuma a lanƙwasa ta dab da bakinta don murfin gida ya rufu.

Akwai kuskure biyu na waya da suka fi yawa a inda ake haɗa kwamfuta da kayan tsince-tsince. Na farko, wayar ƙwaƙwalwar kwamfuta ita ma baki 8 gare ta, kamar ta kati, amma jerin wutarsu ya saɓa. An yi bakunansu daban don kada su shiga gurbin juna, sai dai mai ƙarfin tuwo yana iya tilasta su. Na biyu, fawar da ake cire wa wayoyi ba ta karɓar wayar wata fawar, ko da bakin ya shiga lafiya lau, domin kamfanoni ba su daidaita jerin da ke ɓangaren fawa ba. Buhun wayoyin da ke ƙarƙashin teburin mai gyara, wanda yake zura hannu ya zaro duk wadda ta zo, ya kashe kayan da ba su da adadi. Haka nan ɗora kati mai cin wat 300 a kan fawa marar suna da aka rubuta wa wat 500 a jiki, alhali nauyinta bai kai na burodi ba, neman gobara ne. Kwalin kowane kati yana faɗin ƙarfin fawar da yake buƙata. Na RTX 4090 wat 850 ne.

Nauyi ma ya shigo cikin lissafi. Manyan katunan yanzu suna haura kilo 2, kuma a kwance suke rataye da gurbi da sukuru biyu ko uku. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙarshensu ya sunkuya, allon ya lanƙwashe, dalmar da ke riƙe da sassansa ta fara tsagewa. Ɗan tokari a ƙarƙashin ƙarshen katin yana maganin wannan. Wanda kuma zai ɗora kwamfuta a bayan babur ko cikin motar haya daga Maraɗi zuwa Tawa, ya cire katin ya sa shi a jakarsa da kwalinsa, domin kowane rami a hanya guduma ce a kan gurbin.

Tsofaffin katuna suna da nasu labarin. A ranar 15 ga Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina dogaro da haƙar da ake yi da katunan hoto, sai masu haƙar suka zubo katunansu kasuwa. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana. Ba lallai ne su kasance matattu ba, amma fankarsu ta gaji, man da ke kai zafi daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙarfen sanyaya ya bushe. Irin wannan kati, idan ya haɗu da zafin Afrilu na Yamai da ƙurar hunturu, ba shi da sauran juriyar da zai ɗauki sakaci. Share masa ƙura ma sai da lura: a riƙe fankar kada iska ta juya ta fiye da kima, kada a hura da baki saboda yawu, kada a goge allon da tsumman nailan.

Me ya sa duk wannan bai zama sanin kowa ba a rumfunan gyara? Domin sana'ar da ido ake koyon ta. Yaro yana tsaye yana kallon hannun maigidansa, ya ga inda ake dannawa da inda ake ɗaurewa, amma ba ya ganin abin da ba a gani, kuma wutar jiki ba a ganin ta. Takardar da ke cikin kwali ta yi gargaɗin, da Turanci da Faransanci da Sinanci, ita ce kuma abu na farko da ake jefarwa. Maigidan da bai san dalilin taɓa ƙarfe ba ba zai koya wa yaronsa ba, wanda ya sani kuma sau da yawa ba shi da kalmomin da zai bayyana shi da harshen da suke magana da shi a rumfar. A nan ne aikin ya faɗo kan masu nazarin Hausa, waɗanda suka fi kowa sanin cewa abin da ba shi da suna a harshe da wuya ya samu wuri a aiki. “Wutar jiki” suna ne da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai gane a ji ɗaya, domin ya taɓa ganin tartsatsinta a bargonsa. Shafi guda da aka rubuta da Hausa mai kyau aka manna a bangon rumfa zai yi abin da littafin kamfani mai harsuna ashirin bai yi ba.

Kafin a kai ga haka, mai kaya yana da haƙƙin ya tsaya a kan kayansa. Ya ga an zare waya daga bango, ya ga an taɓa ƙarfe, ya ji ƙarar sakata da ta bakin waya da kunnensa. Idan an kunna, ya duba cewa wayar fuska a jikin katin aka jona ta, domin akan manta a bar ta a mashigar uwar allo, mutum ya yi wata da watanni yana aiki da ƙaramin sarrafa hoton da ke cikin kwamfutar, sabon katin yana zaune a banza. Manhajar da ke tafiyar da katin a sauko da ita daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, gwargwadon wanda ya ƙera ƙwaƙwalwarsa, maimakon filashin da ya zaga kwamfutoci hamsin. Sannan a ɗora wa katin aiki mai nauyi na rabin sa'a a gaban mai shi, ana duban zafinsa da juyawar fankarsa, kafin kuɗi su bar aljihu.